Zobe a Gindin Lemo

Maganar daga bakin Baba ta fito, shi ya sa babu mai iya janye ta. Shekara biyu Yaya, babban ɗansa, yana zuwa lambun duk ƙarshen wata da zance ɗaya: ya gyara ɗakin da ke kusa da garejinsa a cikin gari, an sa tayil, an sa fanka, asibiti kuma tafiyar ƙafa ce. Akwai wani mai buga bulo da ke son filin. Ranar da Baba ya gaji da jin zancen, sai ya ɗaga sandarsa ya nuna layuka biyu na tsofaffin lemon da ke bayan rijiya.

"Muddin waɗannan suna haihuwa, ina nan," in ji shi. "Shekarar da suka ƙi, ka zo da motarka."

Yaya ma'aikacin ofis ne, ya san yadda ake kama magana tun ba ta huce ba. Ya juya ya ce, "Ƙarama, ke ce shaida."

Ƙarama ake ce mata har yanzu, ko da yake ta haura arba'in kuma furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali. Tun da mijinta ya rasu ta dawo lambun ta karɓi rabin aikin, daga baya ta karɓi kusan dukansa ba tare da kowa ya ce an ba ta ba. Sana'arsu rainon dashe ce. Su tsirar da iri a baƙar leda, su yi masa aure da reshen itace mai kyau, su sayar wa masu gonaki da masu sababbin gidaje. Lemon bayan rijiya su ne iyaye, a jikinsu ake yankar rassan aure, kuma Baba ya dasa su tun ba a haife ta ba. Bara sun yi fure kamar abin arziki, furen ya zube ƙasa fari fat, abin da aka tsinka a ƙarshe bai rufe gindin kwando ba. Yaya ya leƙa kwandon. Sai da ya buɗe ƙofar mota ya ce ya ƙara musu shekara ɗaya, don kada a ce ya yi wa tsoho wayo.

Akwai abin da Yaya bai sani ba, don Ƙarama ba ta faɗa masa ba. Baba ya fara mantuwa. Ba kullum ba. Wata rana ya tashi garau, ya tuna wanda ya sayi dashe shekaru aru-aru da irin ƙasar gonarsa. Wata rana kuma ya ci ya ƙoshi, ya wanke hannu, ya tambaya ko yau ba a ɗora tukunya a gidan nan. Ta taɓa tsintar wuƙar aikinsa a cikin butar shayi.

Ita ta kawo shawarar a yi wa lemon zobe bana. Dabara ce da masu lemo suka sani, kuma a wurin Baba ta koye ta tare da dalilinta. Itace hanya biyu gare shi. Ruwa yana hawa daga saiwa ta cikin ƙashin itacen, farin nan mai tauri. Abincin da ganye ya dafa a rana kuma yana saukowa ta cikin ɓawo ya tafi wurin saiwa. Tsakanin ɓawo da ƙashi akwai wani abu mai yauƙi da bai kai kaurin takarda ba, Baba majina yake ce masa. Ita ke gini. Kowace shekara tana ɗora sabon ƙashi ta ciki da sabon ɓawo ta waje, da haka itace ke ƙara kauri, da haka rauni ke rufewa. In lemo ya yi fure aka zagaya gangar jikinsa da bakin wuƙa, tsaga guda kamar zare, hanyar saukowa ta toshe na ɗan lokaci. Abinci ya taru a sama, fure ya ƙoshi ya kama. Kafin saiwa ta ji yunwa majina ta ɗinke tsagar. Sharaɗin dai kada a cire ɓawo, kada a taɓa majina.

Akwai kuma wani zoben daban, wanda shi ne aikin Baba na yau da kullum. In ana son reshen gwaiba ya yi saiwa tun yana jikin uwarsa, sai a cire ɓawo faɗin yatsa biyu, a juya wuƙa a kankare majinar tas don kada ta ɗinke, a naɗe wurin da jiƙaƙƙen garin katako a cikin leda. Reshe ya rasa inda zai kai abincinsa, sai ya fitar da saiwa a wurin, a yanke shi a dasa. Ɗauri suke kiran wannan. Tun da yanar ido ta fara rufe wa Baba gani, ɗauri ne ya rage masa, don hannu ke yin sa. Makon da ruwan farko ya sauka lemon suka yi fure, a kan gwaiba yake wuni.

Sun yi da shi za su yi zoben tare washegari. Ran nan ta tafi kai dashe wani sabon gida, ta biya ta sayo masa maganin ido, ba ta dawo ba sai da rana ta karkata. Ta tarar da shi a kan benci a bakin rumfa yana goge wuƙa, gaban rigarsa duk garin katako.

"Uwata, kin dawo? Je ki huta. Na gama miki aikin gobe."

"Wane aiki, Baba?"

"Zoben mana. Kina can kina fama da masu kuɗin da ba su san bambancin lemo da gwaiba ba sai a faranti, ni kuma in zauna ina gadin kaji?"

Ta ajiye ledar maganin ta zagaya bayan rijiya. Kowace bishiya tana tsaye da ɗaurin baƙar leda a gindinta, daidai gwiwa, an ƙulle sama da ƙasa da irin ƙullin Baba. Ta kwance ta farko. Garin katakon ya zube a ƙafarta. Ɓawon ya tafi faɗin yatsa biyu, zagaye guda, ƙashin a kankare fari sol. Ta sa farce ta nemi yauƙi, babu. Ta bi layin ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, ta dawo ta na biyun. A aikin ɗauri babu abin da za a kushe. Bai tsallake ko guda ba.

Da ta koma rumfa ya ɗago kai. "Ya kika gani?"

"Ya yi tsaf, Baba."

"Hannun tsoho ke nan."

Ta ɗora masa ruwan shayi.

Ba ta kira Yaya ba. In ya ji abin da ya faru ba zai jira kaka ba, a makon zai zo. Abin da ya rage mata shi ne ta yi wa raunin gada. Ta yanki rassan bara masu kaurin fensir, ta fiƙe su kai da gindi. Ta tsaga ɓawo a saman raunin da ƙasansa, ta cusa kowane reshe ta yadda majinarsa za ta kwanta a kan majinar uwar, gindi ƙasa kai sama kamar yadda ya tsiro. Ta ɗan lanƙwasa shi kamar baka don kada iska ta zare shi, ta kafa ƙaramar ƙusa, ta toshe da narkakken kyandir. In ya kama, abinci zai bi ta jikinsa ya tsallake raunin. Aikin mutum biyu ne, ita kaɗai ta yi shi, a lokacin da Baba ke barcin rana, kunnenta ɗaya a kan tarinsa. Da ta gama ta naɗe gindin kowace bishiya da buhu, ta ce masa saboda awakin maƙwabta ne.

Furen bai zube ba. Ya kama har a rassan da suka shekara da shekaru ba su ba da komai ba. Ganyen ya yi kore shar, don ruwa bai daina hawa ba, hanyarsa a cikin ƙashi take kuma wuƙa ba ta kai can ba. Duk wanda ya wuce ta bakin shinge sai ya tsaya ya duba. A ƙarƙashin ƙasa kuwa saiwa tana cin abin da ta ajiye, babu mai kawo mata sabo.

Ƙarama ta san abin da ya kamata. Bishiya mai gada ba a bar mata 'ya'ya, don su ke fara shanye abinci, abin da zai rage ya bi gadar bai taka kara ya karya ba. Wata safiya ta tsaya a gindin bishiyar farko, ta zage reshe ɗaya, ƙananan lemon suka zubo mata a tafin hannu kamar tsakuwa. Ta dubi layin, ta dubi rumfa inda Baba ke zaune yana gyara zaman hularsa. Ta zuba su a aljihu ta koma wurin cika leda.

Da damina ta yi nisa dillali ya zo, mutumin da ke sayen lemo tun yana kan bishiya. Bara ko saukowa daga babur bai yi ba. Bana tun daga ƙofa ya fara.

"Kai, kai, kai! Uwar lambu, wane boka kuka samu? Ki yi mini kwatancen gidansa, akuyata ma ta daina haihuwa."

"Ga bokan nan zaune gabanka, mai tumbi," in ji Baba. "Hannu ne."

"Hannun da ke rawa in ya ɗauki kofin shayi?"

"A kan kofi yake rawa, ba ya rawa a kan itace. Kai naka a kan sikeli yake rawa."

Dillali ya yi dariya har da dafa cinya. Ƙarama ta raka shi cikin layin. Yana tafe yana ɗaga rassa, yana auna nauyinsu da hannu. Can ya tsinki ganye ɗaya ya ɗaga shi sama. Jijiyoyin ganyen sun fara yin rawaya.

"Me ya sa kika ɗaura musu zani?"

"Awaki."

"Awakin unguwar nan sun waye ke nan, sun bar dashe ɗanye a leda sun zo cin tsohon ɓawo." Ya yar da ganyen ya rage murya. "Ni ba manomi ba ne, saye nake yi. Amma na taɓa ganin irin wannan haihuwar. Bishiya in ta juye duk abin da ke cikinta lokaci guda, wasiyya take yi. Bana zan saya. Baɗi kada ki jira ni."

"Wa ya tambaye ka baɗi?"

"Allah ya ba ki haƙuri. Bakina ne ba ya da murfi."

Duk bayan 'yan kwanaki takan kwance buhunan ta duba. Leɓen raunin na sama ya kumbura kamar maƙoƙo, abinci ya taru ya rasa hanya. A wasu har fararen saiwoyi sun fito suna lilo a iska. Gadojin kuwa ruwan sama ya shiga ƙarƙashin kyandir, danƙo ya tsattsafo, ɗaya bayan ɗaya suka yi baƙi. A bishiya uku kawai suka yi kauri suka haɗe. A ƙasan raunin kuma sababbin tsiro masu ƙaya suka fara fitowa daga gindi. Ɓarayi ake ce musu, kuma abu na farko da ake koya wa mai lambu shi ne ya yanke su duk inda ya gan su. Ta bar su. Ɗan ganyen da ke jikinsu shi kaɗai ke aika wa saiwa wani abu.

Lemon sun fara nuna lokacin da Baba ya tashi da ɗaya daga cikin ranakunsa masu kyau. Ya sha shayi, ya tambayi lafiyar jikokinsa kowa da sunansa, ya ɗauki almakashi ya fita. Tana tankaɗe ƙasa ta ji ƙarar yanka daga bayan rijiya. Ta watsar da rariyar.

"Baba, bar su."

"Ɓarayi ne. Tun yaushe kika fara kiwon ɓarayi a lambuna?"

"Ka dai bar su."

Ya tsaya da almakashin a buɗe. 

"Mai lambu ba ya barin ɓarawo," in ji shi a hankali, "sai in saiwa ba ta da wani mai ciyar da ita."

Ya dafa bishiyar ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya kwance buhun. Bai sunkuya ya duba ba, yatsunsa ya sa. Suka bi kumburin, suka sauka kan busasshen ƙashi, suka taɓa gadojin. Ya tura ɗaya da babban yatsa ta zare ta faɗi. Ya karci ɓawon da ke ƙasan raunin da farce ya kai hanci.

"Wa ya kankare?"

Ta sunkuya ta ɗauki gadar da ta faɗi.

"Tambayarki nake yi."

"Ɓera ne, Baba."

"Ɓera ba ya yanka a miƙe. Ɓera ba ya juya wuƙa ya yi da bayanta."

Ya haɗa yatsunsa biyu ya kwantar da su a cikin raunin. Suka zauna daidai, ba ragi ba ƙari.

"Duka?"

"Duka."

"Gada ta kama a nawa?"

"Uku."

"Gadarki ba ta da laifi, na taɓa ta. Me ya hana ki zubar da 'ya'yan? Da kin sauke musu kaya tun suna ƙanana, da rabi sun tsira. Kin san wannan."

"Na sani."

"To?"

"Da na zubar, da Yaya ya zo da mota."

Ya zame ya zauna a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya jingina da bishiyar. Reshen da ke kansa ya ranƙwafo da nauyin lemo har yana taɓa hularsa.

"Ni na yanka, ke kika hana jinya," in ji shi. Ba da faɗa ya faɗa ba. "Ki gaya wa yayanki. Abin da ke kan itatuwan nan ba shi na yi alkawari a kansa ba. Kuma mutumin da ya yi wa gindin uwa ɗaurin reshe, gobe me zai yi? Ga rijiya a buɗe. Ga maganin ƙwari a kan kanta ɗaya da sukari."

"Zan kwashe maganin. Zan sa wa rijiyar murfi."

"Ni kuma ki sa mini me?"

Ta tsuguna kusa da shi.

"Ka gaya masa da bakinka, Baba."

"In na tuna. Kada ki ɗauka ban san abin da ke faruwa da kaina ba, Uwata. Ina ji yana zuba kamar buhun da ya huje. In na manta, ke kada ki manta. In na yi gardama, kada ki saurare ni. Wannan da ke miki magana yanzu shi ne ubanki."

Ya ɗauki buhun ya mayar da shi da kansa, ya ƙulle. Ta kama shi ya miƙe. Ranar bai ci abincin rana ba.

Washegari ya tashi yana tambayar inda aka kai almakashinsa, ya ce lemon bana sai an nemo sanduna an tokare rassan.

Yaya ya zo ƙarshen wata da takalminsa mai ƙyalli. Baba bai bar shi ya zauna ba, ya ja hannunsa har bayan rijiya. Layukan biyu sun yi ja da rawaya, ganyen ya ragu, shi ya sa 'ya'yan suka ƙara fitowa fili. Baba ya lalubi ɗaya ya tsinka, ya ɓare da farce ya miƙa masa.

"Sha ka gaya mini ko akwai irinsa a firjinka."

Yaya ya sha, ruwan ya gangaro masa a haɓa. Lemon da aka yi wa zobe ya fi kowanne zaƙi. Ya ciro hankici ya goge baki, ya dubi layin daga farko har ƙarshe.

"Baba, ka kayar da ni. Magana magana ce. Zan gaya wa mai bulo ya nemi wani wurin."

"Ɗakin nan naka kuma ka zuba kaji. Su suna son tayil."

Suka yi dariya su biyu. Ƙarama tana tsaye a bayansu da kwando.

"Baba," in ji ta, "babu abin da za ka gaya wa Yaya?"

Ya juyo da fuska a sake. Ta duba ko za ta ga wani abu a ciki.

"Akwai. Ya rage cin mai, ya fara kama da dillali."

Ta cika kwandon ta kai bayan mota. Baba ya koma bencinsa. In ta yi shiru, babu mai tayar da zancen sai ganye ya gama zuba, wataƙila sai wata daminar. Shekara guda ba ƙaramin abu ba ce ga mai shekarun Baba. Yaya ya shiga, ya ɗaura bel, ya tayar da mota. Ta ƙwanƙwasa gilashin.

"Kashe motar. Zo ka ga wani abu."

Ta bi da shi ta bayan shinge don kada su wuce ta gaban rumfa. Ta kwance buhu ɗaya ta yi masa bayani a taƙaice, inda ruwa ke bi, inda abinci ke bi, abin da aka kankare. Yaya ya tashi a lambun nan, bai buƙaci a maimaita masa ba. Ya tsuguna ba tare da ya kula da wandonsa ba.

"Me kuma kika ɓoye mini?"

Ta faɗa masa na butar shayi, da na abinci, da ranar da Baba ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran marigayiya mahaifiyarsu ta dawo daga kasuwa. Yaya ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Da kin yi shiru da yanzu na kai titi."

"Na sani."

"Wallahi na ji daɗi da na ga lemon nan. Kin ɗauka ina son in ɗauke shi ne? Tsoro nake ji a kira ni wata rana." Ya mayar da tabaran. "Shi ya ce ki faɗa?"

"Shi ya ce. Amma ba zai tuna ba."

"To ni zan zama mugu ke nan."

"Ba kai kaɗai ba."

Bayan mako ɗaya ya dawo da mota. Ta riga ta haɗa kayan Baba a akwati tun da safe, ta tura ƙarƙashin gado. Da aka fito da akwatin Baba ya riƙe ƙafar benci da hannu biyu.

"Sun haihu! Kai da bakinka ka ce na kayar da kai. Ku je ku duba, ko ku ma yanar ce ta rufe muku ido?"

Yaya ya yi lallashi har ya gaji. A ƙarshe suka kai shi gindin bishiyar, suka kwance buhun, Yaya ya kama hannunsa ya ɗora a kan raunin. Yatsun suka bi kumburin, suka bi ƙashin. Fuskarsa ta canza.

"Wane marar imani ne ya yi wannan?"

"Baba, kai ne," in ji Yaya. "Kuskure ne. Kai ka ce a gaya mini."

"Ni? Ni da na dasa su? Ni zan kankare majina a gindin uwa?" Ya juya yana neman inda take. "Wa ke riƙe da wuƙa a lambun nan in ba ke ba? Wa ya ce a yi zobe? Wa ya rufe su da buhu ya ce mini awaki?"

Duk abin da ya lissafa gaskiya ne. Yaya ya buɗe baki, ta girgiza masa kai.

"Kun haɗa baki," in ji Baba. "Kai ka kawo mai saye, ita ta kashe itatuwan. Allah ya isa ban ce ba. Amma na gani."

Daga nan bai ƙara gardama ba. Ya karɓi sandarsa, ya ƙi hannunta, ya tafi mota da ƙafarsa. Ta sa akwatin a baya, ta miƙa wa Yaya ledar magunguna, ta nuna masa na safe da na yamma. Ta sunkuya ta tagar ta ce Allah ya kiyaye hanya. Baba yana kallon gaba.

Dillali ya turo masu tsinka a makon. Mai bulo ya ce zai jira ta sayar da dashen da ke cikin leda kafin ya kawo injinsa. Bishiyoyi ukun da gadarsu ta kama suna tsakiyar inda ya ce zai zuba yashi.

Ran da aka gama tsinka, da yamma, Yaya ya kira ta. Ya ce Baba ya ci abinci kaɗan, ya ƙi fanka, ya tambaya sau da yawa yaushe za a koma gida. Ita bai ambace ta ba.

"Yanzu yana ina?"

"Yana ƙofar gida. Kin san itacen adon nan da matata ta sa aka dasa? Tun ɗazu yake tsugune a gindinsa yana tona ƙasa da hannu. Wai wanda ya dasa shi ya zurfafa shi har ya binne masa wuya, ba zai yi shekara biyu ba. Maigadi ya yi ya yi da shi ya tashi, ya ƙi. In ɗago shi?"

"An binne wuyan?"

"Ina zan sani?"

"To ka bar shi ya gama," in ji Ƙarama. "In ya gama ka ba shi ruwa ya wanke hannu."